Kunnen Ilu Bakanike

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya tsakanin Gumel da Gagarawa ya san yayana, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan da ke zama a gindin darbejiya a Gagarawa Tasha, da baƙar riga wadda asalinta shuɗiya ce. Ilu Bakanike. Ni ce ƙanwarsa Hasanatu, uwa ɗaya uba ɗaya, ina aure a Gumel, ina sana'ar ƙuliƙuli da man gyaɗa. In ban faɗa muku labarinsa ba babu mai faɗa, don shi ko wuƙa za a sa masa a wuya ba zai buɗe baki ba.

Ilu bai yi boko ba, kuma bai taɓa riƙe na'urar nan da kanikawan zamani ke maƙala wa mota ta faɗa musu ciwonta ba. Da kunne yake aiki. A kawo mota, ya ce a tayar, ya ɗauko doguwar sukundireba, ya ɗora tsininta a jikin inji, ya kafa mariƙin a kunnensa na dama, ya rufe ido. Ya matsa da ita nan, ya matsa can. Sai ka ga ya miƙe ya ce, "Boris ne," ko ya ce, "Mital ya fara ci, kada ka kai ta Maigatari." A kwance inji a tarar haka ɗin ne. Shekara talatin da wani abu yana wannan aikin. Wani lokaci yana cikin cin abinci mota za ta wuce a titi, ya ɗaga kai ya ce, "Wannan ba za ta ga Gumel ba." Kuma wallahi ba ta gani.

To amma kowa da inda Allah ya rage shi. Yayana ladabi ne ya yi masa yawa. Halin mahaifinmu Malam Siddiq ya kwaso kaf, wanda ko ɗan doka ya gani a kan keke sai ya sauka daga jakinsa. In Ilu ya ga mai kaki ko mai rawani, takalmi ne farkon abin da yake cirewa. Ka yi masa magana ya ce, "Bin na gaba bin Allah ne." Ni kuwa an ce tun ina goye nake da baki. Mun sha yin faɗa a kan haka, shi yana dariya, ni ina kumfa.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Ina can da kayana kamar kowane mako. Tun hantsi ake ta hayaniya a ɓangaren dabbobi, wai an canza wurin da manyan motoci ke lodin shanu, an mayar da shi nesa, direbobi suka ce ba su yarda ba. Ana cikin wannan ja-in-ja wata tirela cike da bijimai ta mutu a tsakiyar hanya, ta gindaya. Gaba ta toshe, baya ta toshe. Aka buga wa Ilu waya, ya hau babur ya zo ya shige ƙarƙashinta. Mutane suka taru maƙil, masu zagi na zagi, masu kallo na kallo, rana kuma kamar ta dafa mutum.

Wajen azahar sai ga jami'an tsaro. Ba na garin ba ne, daga wani wuri aka turo su, har yau ban san daga ina ba. A bayan motarsu an kafa wani abu mai faɗi, ruwan toka, kamar babban tiren talla amma mai kauri. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Muka ɗauka lasifika ce, kuma da farko aikin lasifika ta yi. Wata murya ta fito daga ciki, da Hausa tsaf: "Kowa ya watse. An ba ku minti biyu." Ina can nesa, wajen taku ɗari, amma sai da na ji maganar a ƙirjina.

Sai na hango yayana ya fito daga ƙarƙashin tirela yana goge hannu a riga. Ina ganin tafiyarsa na san abin da zai yi. Shi ne dattijon kanikawa, shi aka saba turawa ban-baki in an samu saɓani da hukuma. Zai je ya ce, ranku ya daɗe, ba taurin kai ba ne, mota ce ta mutu, a ba ni minti goma in tayar da ita. Jama'a na ja da baya, shi yana kutsawa gaba. Ya isa daf da motar, bai fi taku uku ba. Ya cire takalmi. Ya durƙusa, ya ɗaga hannu yana jinjina.

Na ƙwala ihu, "Yaya! Dawo!" Ina! Ko ya ji ba zai dawo ba.

Ban san ko sun gan shi ba, ban san ko minti biyun sun cika ba. Sai kawai abin ya saki. Jama'a, wannan ba jiniya ba ce. Jiniya mun san ta. Wannan tsini gare ta, kamar ana cusa maka allura ta kunne tana fita ta ƙeya. Na saki kwanon ƙuliƙuli na toshe kunne da mayafi. Raƙuma suka tsinke igiya, bijiman cikin tirela suka hau dukan ƙarfe da ƙaho, mata na faɗuwa a kan buhuna. Kowa ya yi ta kansa. Da na ɗago, fili ya yi fayau, sai mutum ɗaya. Ilu na nan a durƙushe, hannu a sama, bai juya baya ba, bai toshe kunne ba, har aka kashe abin.

Daga baya na tambaye shi, ina kuka ina faɗa, "Kai wane irin mutum ne? Hannunka biyu, me ya hana ka toshe kunne?" Sai da na maimaita sau biyu kafin ya gane. Ya ce, "Hukuma na magana in toshe kunne? A ce ɗan Malam Siddiq ya toshe kunne a gaban hukuma?" Ku ji fa. Na rasa abin da zan yi, in rungume shi ko in mare shi.

Ranar dai ya tashi, ya sa takalminsa, ya koma ƙarƙashin tirela ya tayar da ita, don tiyon mai ne ya tsinke, abin da ido ke gani. Na ga ɗan jini a kunnensa na dama, ya share da hula ya ce ba komai.

Aka yi mako biyu, aka yi uku. Sai matarsa A'i ta zo Gumel ta same ni ina tuyar ƙuli, ta zauna tana ta kame-kame. Da ƙyar ta ce, "Yayanki fa yanzu sai na taɓa shi yake tashi sallar asuba. Mutumin da shi ke riga ladan." Ban ƙarasa tuyar ba na ɗauki mayafi na hau mota. Na same shi a gareji ya juya baya yana wanke sifana. Na tsaya a bayansa na ce, "Yaya." Shiru. Na ɗaga murya, "Yaya Ilu!" Shiru. Sai da inuwata ta faɗa gabansa ya juyo yana murmushi, wai, "A'a, Hasanatu, saukar yaushe?"

Na ja shi bayan gareji. Nan ya faɗa mini gaskiya. Kunnen dama ya mutu murus. Na hagu yana ɗan ji in an matso an ɗaga murya, amma akwai wani kuka a cikinsa kamar na gyare, dare da rana. Magana da baki yake kallo yana cankar sauran. Mota kuwa, in ya kafa sukundireba, rawar ƙarfe kawai yake ji a ƙashin kansa, babu sauti. Aikin da yake yi yanzu da ido ne da sabo da kuma addu'a. Ya kama hannuna ya ce, "Don darajar iyayenmu kada kowa ya ji. Ranar da direbobi suka sani, na tashi daga aiki. Ba hannuna suke zuwa nema ba, kunnena suke nema."

Na yi masa alkawari, amma zama ya gagare ni. In na kwanta abin na raina, in ina suya yana raina, na ƙona ƙuli ya fi a ƙirga. Ƙarshe na ce alkawarin direbobi na yi, ban yi na lauya ba. A unguwarmu akwai Mansura, 'yar maƙwabciyata, wadda ta karanta shari'a take aiki da wata ƙungiya mai taimakon talakawa. A gabana aka haife ta. Na je ofishinta na zauna ban ko gama gaisuwa ba na zazzage mata komai.

Na ce, "Ke Mansura, ki faɗa mini. Injin markaɗena ɗan mitsitsi, da maƙwabta suka yi ƙorafi, mai unguwa ya zo har gida ya yanka mini lokaci. Ban da lokacin sallah, ban da bayan magariba, kuma in matsar da shi daga katangar mai jego. Na bi. To shi wannan abin da ke kashe kunnen mutum a tsaye, wa ya yanka masa nasa lokacin?"

Ta ce, "Gwaggo, abin da na sani, jami'i ba shi da ikon amfani da ƙarfin da ya wuce abin da hali ya buƙata. Wannan a fili yake. Amma ni dai ban ci karo da inda aka rubuta wa wannan na'ura iyaka ba, a ce ga nisan da za a bari tsakaninta da mutum, ko ga tsawon lokacin da za ta yi tana kuka. A wasu ƙasashe sai da waɗanda ta ji wa ciwo suka fito suka tsaya a kan maganar kafin aka sa mata ƙa'ida." Ta ce nan da wata biyu akwai taron da ake yi tsakanin jami'an tsaro da shugabannin kasuwa da na direbobi, a nan Gumel, kuma za ta iya shigar da koke. Sai dai fatar baki ba ta isa ba. Tana buƙatar takardar likita, tana kuma buƙatar Baba Ilu da kansa ya tashi a gaban mutane ya ce, ga abin da ya same ni.

Wato a gaban direbobi. Na koma Gagarawa na faɗa masa, ina ihu a kunnensa na hagu a cikin ɗaki kamar mahaukaciya. Ya girgiza kai. Na ce, "Gobe wani za a yi wa! Jikan wani, matar wani!" Ya ce Allah zai kiyaye. Na ce, "Kai me ya sa bai kiyaye ka ba, da ka je ka miƙa kai?" Na yi istigfari daga baya, amma a lokacin na faɗa. Ya ce, "Hasanatu, ke kina da mai ciyar da ke. Ni da wannan gindin bishiyar nake ci da A'i." Na fita na bugo ƙyaure. Mako uku ban taka gidansa ba, kuma kowace Alhamis in na je Maigatari idona na kan titi, duk motar da ta taho mai buɗaɗɗen baya sai in leƙa in ga ko abin nan ne a kanta.

Abin da bakina ya kasa, motar Rabe ce ta yi shi. Rabe direba ne, mutumin kirki, ya kai shekara arba'in, kuma tun da ya fara tuƙi Ilu ke duba masa mota. Wata safiya ya kawo ta gareji ya ce yana jin wani ƙwas-ƙwas a inji, ga shi zai kwashi mata zuwa suna Ɗanzomo. Ilu ya ɗora sukundireba, ya rufe ido, ya matsa nan, ya matsa can, yadda ya saba. Ya miƙe ya ce, "Lafiya lau. Fulogi ne, a goge."

Ku saurari abin takaici. Kowa a wurin ya ji ƙarar nan. Mai shayi ya ji. Mai faci ya ji. Direbobi uku da ke kan benci sun ji, ɗaya ma daga baya ya ce shi tun a lokacin ya san mital ne. Shi kansa Rabe ai don ya ji ne ya kawo ta. Amma babu wanda ya ce uffan. Ilu ya ce lafiya, to wane ne kai? Kowa ya ƙaryata kunnensa ya gaskata na Ilu. Rabe ya goge fulogi ya kwashi mata tara da jarirai ya kama hanya. Kafin su kai Ɗanzomo inji ya buga, a dokar daji, da tsakar rana. Allah ya tsare babu wanda ya ji ciwo, amma sai da matan suka yi awa uku a gindin ƙaya da 'ya'ya a hannu, injin kuma ya tashi daga aiki gaba ɗaya.

Da Rabe ya zo da faɗa, ina jin da Ilu ya samu sauƙi. Sai ya zo ya tsuguna ya ce, "Baba, kada ka damu, ƙaddara ce. Ina zargin baƙin man da na zuba ne ba shi da kyau. Ai da akwai wani abu da ka ji." A'i ta ce ranar yayana bai ci abinci ba. Washegari da sassafe na ji sallama, na leƙo, ga shi tsaye a ƙofar gidana da farar riga ta Juma'a. Bai shigo ba. Ya ce, "Kai ni wurin yarinyar nan."

Muka tafi asibiti a Kano ni da shi da Mansura. Ma'aikatan suka sa shi a wani ɗan ɗaki, suka rufa masa wani abu a kunnuwa biyu, aka ce duk lokacin da ya ji sauti ya ɗaga hannu. Ina kallonsa ta gilashi. Likita na ta danna abu, yayana na zaune ya ƙura wa bango ido, hannunsa a kan gwiwa, yana jira a fara. Na juya baya na yi kukana. Takarda ta fito da abin da muka riga muka sani: dama babu, hagu saura kaɗan, kuma likita bai ba mu fatan zai dawo ba.

Ranar taro zauren ya cika. Shugabannin kasuwa a gaba, dillalai, direbobi kuwa kamar an yi musu shela, har da na Gagarawa Tasha, Rabe na cikinsu. A kan tebur akwai wani babban jami'i, mai sanyin fuska, da mutum biyu a gefensa. Ni da A'i muna can gefe wurin mata. Aka yi ta magana a kan ɓarayin shanu da shingen hanya. Can Mansura ta tashi ta gabatar da koke, ta miƙa takardar likita, ta je ta taɓa kafaɗar Ilu.

Ya miƙe. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da kima, don ba ya jin kansa, har wasu suka zabura. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana Ilu, bakanike ne ni a Gagarawa Tasha. Ranar rikicin lodi a Maigatari ni ne na zo gaban motarku in ba da haƙuri. Tun ranar ba na ji." Ya juya wajen direbobi. "Wata huɗu ke nan ina ɗora muku ƙarfe a inji ina rufe ido, ba na jin komai. Rabe, ba baƙin mai ba ne. Ni ne na kashe maka mota. Ku yafe mini." Rabe ya sunkuyar da kai. Ilu ya sake fuskantar tebur ya ce, "Ban zo neman komai ba. Nawa ya riga ya tafi. Roƙona a rubuta wa abin nan iyaka. In akwai mutum kusa, a ɗaga shi tukuna. Mu nan in hukuma ta yi kira matsowa muke yi, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ba ni kaɗai ba ne."

Ya zauna. Jami'in ya gyara abin magana ya fara. Gaskiya ya iya magana. Ya jajanta, ya yaba wa dattakon Baba. Ya ce waɗanda suka zo ranar ba a ƙarƙashinsa suke ba. Ya ce na'urar ba makami ba ce, an kawo ta ne don kada a kai ga harbi, kuma ai gara ƙara da harsashi. Ya ce batun rubuta ƙa'ida ba a hannunsa yake ba, amma zai tura takardar sama, kuma yana da tabbacin za a duba. Ya yi kusan minti goma. Wasu a gaba har suka tafa.

Duk wannan lokacin yayana ya ƙura wa bakin mutumin ido, amma tebur ya yi nisa. Da ya ga ana tafi sai fuskarsa ta washe. Ya waiwayo yana nemana, ya yafito ni da hannu. Na ratsa maza na je na tsuguna a gefensa na hagu. Ya tambaya, da muryar nan tasa da kowa ke ji, "Me ya ce? An sa iyakar?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani. Na matsa na faɗa a hankali. Ya ce, "Iye?" Na ƙara murya. Ya girgiza kai, ya nuna kunnen. Sai na cika ƙirji na faɗa da iyakar ƙarfina, yadda dole sai an yi kafin ya ji:

"Ya ce za a duba!"

Maganar ta daki bango ta dawo. Masu tafi suka sauke hannu. Jami'in ya sunkuya yana gyara takardun da ke gabansa. Ilu ya dube ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ɗaga masa kai, don ba zan iya sake ihu ba. Sai ya ce, "To. Tashi mu tafi, kada ni da A'i mu rasa mota."

Mansura ta ce ba ta haƙura ba, za ta ci gaba da bin takardar, kuma na yarda da ita. Washegari Ilu ya tafi gareji kamar kullum, ya share gindin bishiyarsa, ya jera kayan aiki a kan buhu. Na kasa zama a gida, na bi shi na zauna wurin mai shayi ina kallo. Daga safe zuwa la'asar mota bakwai suka tsaya. Kowane direba ya fito, ya tsuguna, ya gaishe shi da ƙarfi a kunnen hagu, ya yi masa addu'a, wani har da ƙwalla. Babu ko ɗaya da ya buɗe masa inji.